Motar Italiya da Naƙudar Ɗa'ifa

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Sharafiyya a Jidda, ni da ɗana, bakanike a wata warsha, garejin motocin manya. Surukina ne ya bugo waya shagon maƙwabci, ya ce 'yata ta fara naƙuda a Ɗa'ifa, haihuwar fari, ba wata babbar mace kusa da ita. Bas ba ta tashi sai ta cika. Ɗana ya ce kafilinsa, wato ubangidansa, ya tafi shan iska can, ya aiko a kai masa motarsa, Baturen da ya zo da ita daga Italiya kuwa ba Musulmi ba ne, ba ya ratsa Makka, don haka shi zai tuƙa.

A warsha na tarar da motoci uku jere, duk kwance a ƙasa kamar kunkuru. Ɗana ya ce gidansu ɗaya amma hali daban: wannan mai kujera huɗu ce, waccan ba ta da rufi, ta ukun kujera biyu, ta fi su gudu, ta fi su tsada. Na ce to a ba mu mai huɗun, ga tukunyar wankan jego, ga gero, ga kanwa. Ya ce ba ita aka aiko a kai ba. Har yau ban gane yadda abin da ya fi ɗaukar kaya ya zama ƙasƙantacce ba.

Na zaga baya in sa kaya, sai ga inji. Ya buɗe gaba, wani ɗan rami da ko ƙwarya ba za ta zauna ba.

"Inna, ko ke ko tukunya. Yalla, zaɓi."

Na zage shi tas, na ƙulle kanwa a bakin mayafi, na shiga. Shiga ce ko faɗawa, Allah ne masani.

Da muka fita gari ya taka. Silinda goma sha biyu, in ji shi, duk a bayan ƙeyata suke ruri. Tunda na koyi lamba a ajin manya ba na barin rubutu ya wuce ni, amma allurar nan mai nuna gudu kafin in karanta inda take ta bar wurin. Manyan motocin kaya sai ka ce a tsaye suke. A Bahra muka sha shayi, da ful da tamis, wake da gurasa ke nan, na riyal ɗaya. Ita motar abin da ta sha ya ninka namu ban san sau nawa ba.

Cikin Makka kuma sai ta zama wata aba. Cunkoso ya sa ta zafi, ƙafafuna na gasuwa, mai jakin ruwa ya wuce mu har ya waigo. Ɗana ya ce ba a yi ta don tafiya a hankali ba. Na ce to Italiya ba su da kasuwa ne?

A hawan dutsen Hada ta dawo hayyacinta, ni na fita nawa. Kwana bayan kwana, rami a gefe, birai a kan duwatsu suna kallo. Na rufe ido ina ta salati.

Unguwar 'yata ba kwalta. Cikin motar ya gogi ƙasa sau ɗaya, ɗana ya tsaya cik, ya ce halas, in ta ƙarce aikinsa ya tafi. Na tattare zani na ƙarasa da ƙafa. Na sami yarinyar a durƙushe ita kaɗai, leɓe ya bushe, mijin ya fita neman mota. Na riƙe ta. Kafin azahar ta sauka lafiya, namiji.

Bayan arba'in na dawo Jidda a bas, awaki a kan rufi, na miƙe ƙafa son raina. Mata na tambaya ko motar na da kyau. Na ce ban sani ba. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta son gari, ba ta shiga unguwar talaka, kuma da bas na jira, da yarinyar nan ita kaɗai ta haihu. Wanda ya iya haɗa wannan magana ya zo ya faɗa mini.