Ƙoramar da Ta Ci Tsohuwar Unguwarmu

Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata lakwal cikin Buza lokacin da ƙanena ya aiko mini da wani ɗan littafi daga Italiya. Shekararsa takwas a can, a wani ƙaramin gari na arewacin ƙasar da babban birni ya kusa haɗiyewa, yana wanke garken shanun wani manomi. Littafin na garin ne, ya ɗauko shi a meri, ofishin magajin gari. Ba na jin harshen, amma hotuna da taswira sun isa. Ga garin lokacin da yake fadamar shinkafa, ga magudanar ruwan da kakanninsu suka haƙa, ga gadar dutse, ga inda masana'antu suka zo suka zauna bisa gonaki. Har rijiyar da aka cike an ɗiga mata alama.

Ya kira ni a waya, ya ce, "Yaya, garin nan bai fi namu daɗewa ba. Kai ne mai karatu. Rubuta namu, in nuna ma ɗiyana."

Da hutu ya zo na hau moto na tafi garinmu da kaye sabo na rubutu. Garinmu yana gindin dutse, a bakin kwari. Ina yaro, ƙoramar da ta ratsa gabas da shi tsallake ta muke yi da ƙafa ɗaya. Ranar da na tsaya bakinta, raƙumi da kayansa zai shige ciki ba a hango shi ba. Unguwar maƙera ta tafi. Rijiyar da aka kafa garin dominta ta tafi, sai bakinta na siminti kwance cikin rairayi. Mutane sun koma bisa tudu, inda babu inuwa, mata suna gangarowa neman ruwa tun safe.

Na nemi kawunmu, wanda ya san sunan kowace gona da wanda ya fara sassabe ta. Na iske shi zaune a zaure, idanu sun yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifiyata. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko an ɗaure akuya. Sau uku na koma, bai faɗi wani abu ba bayan wannan.

Gwaggona ce ta raka ni maƙabarta. Rabinta ya zube tun daminar bara. Ta nuna mini gaɓar da sandarta.

"Babanku nan yake. Mun tsinci abin da muka tsinta, mun rufe bisa tudu. Ba mu san na wa da na wa ba."

Na ce, "Gwaggo, don mi ba a gaya mini ba?"

"In an gaya maka, mi za ka yi?"

Na zauna bakin gaɓar har rana ta take. Ƙasa tana ta zubewa ƙarƙashin ƙafata kaɗan-kaɗan, ko iska babu. Abin da na rubuta bai cika shafi biyu ba, yawancinsa sunayen wuraren da ba su nan.

Da na koma Buza ƙanena ya kira, yana tambaya ko iccen gawon gonar baba yana nan. Na ce yana nan. Amma Gwaggo ta riga ta gaya mini ya faɗi, da shi suka yi girki wata biyu. Damina mai zuwa, in ji ta, masallacin garin ne a layin ƙoramar.