Kifin Da Ya Girma A Tsakar Gidan Kakata

Duk shekara idan dogon yaro ya yi fure a unguwar Limanti, ƙanshin nan mai sanyi ya shigo ɗaki da hantsi, sai in ji kamar ƙasa tana lilo a ƙarƙashina. Idan ka taɓa zama cikin kwalekwale ka san abin da nake nufi.

Ina 'yar firamare a lokacin, a hannun kakannina. Kakana ɗan asalin Kano ne, yadi yake sayarwa, amma zuciyarsa tana ruwa. Da sanyi ya wuce, ruwan tafkin Alau ya fara ja da baya, masunta da masu sha'awa irinsa sukan yi gasar fatsa ta yini guda. Wanda kifinsa ya fi nauyi, sarkin ruwa ya naɗa masa rawani. Kakana bai taɓa tsallake gasar ba, bai kuma taɓa dawowa da abin da ya wuce karfasa da 'yan tarwaɗa ba. Giwan ruwa yake so, ko sau ɗaya.

A shekarar da nake ba ka labari hannunsa ya fara rawa. 'Ya'yansa suka ce daga wannan ya gama shiga ruwa. Bai yi musu ba, sai dai ya rage cin abinci. Yakan zauna a zaure yana wasa ƙugiyoyinsa, yana sake wasa su.

Kakata Babarbariya ce, mai ƙarancin magana. Na san a ƙauye aka haife ta, na san ruwa ya rufe ƙauyen lokacin da aka yi dam, amma ba ta taɓa zuwa ko bakin tafkin ba. Da safiyar gasar sai muka gan ta ta fito ta naɗa lafaya, da buta a hannu.

"Malam, da ni za a je," in ji ta. "Kullum a bakin ciyawa kuke nema. Manyan suna gidanmu." Ta juyo wajena. "Takwara, ɗauko takalminki."

Kawuna, autansu, shi ya tuƙa mu. Sauran kwalekwalen suka bazu gefe gefe inda ƙananan kifi ke tsalle, mu muka miƙa tsakiya. Ruwan ya kwanta luf, sama ta sauko cikinsa, har na kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Fararen balbelu suna wucewa ta sama da ta ƙasa lokaci guda. Kakata tana duban wata giginya a can gaɓa, tana nuni da haɓa, kawu yana juya filafili. Can ta ɗaga hannu.

"Nan ne. Ku yi sallama."

Kawu ya yi dariya, amma kakana ya cire hula ya yi sallama da gaske. Na leƙa. Da farko kore kawai na gani, sannan wani duhu mai rassa ya bayyana, yana motsi a hankali kamar ana kaɗa shi da iska. Tsamiyar ƙofar gidansu ce, a tsaye, ruwa bai kayar da ita ba. Kakata ta ce babban kifi kamar tsoho yake, idan rana ta yi zafi inuwa yake nema.

Kakana ya soke ƙaramar karfasa mai rai a ƙugiya ya sake ta ƙasa. Muka jira. Rana ta hau, barci ya riƙa ɗaukata yana saukewa. Ina jin muryar kakata kamar daga nesa tana magana da Barbarci, ba da mu ba.

Sai igiyar ta miƙe. Kakana ya naɗe ta a hannu, kwalekwalen ya juya da kansa ya fara tafiya, ba mai tuƙi. Kifin ne yake jan mu, a hankali, kamar ɗan gari ya kama hannun baƙo. Kakata ta dafa gefen jirgin tana kallon ƙasa.

"Ga rijiyarmu," ta ce. "Nan uwata take shanya kuɓewa. Ga masallaci. Wayyo, ga hanyar gona."

Ni ban ga komai ba sai ruwa, amma har yau zan iya zana maka ƙauyen nan.

Igiyar ta yanki tafin kakana, jini yana ɗiga. Kawu ya ce a ba shi, kakana ya ƙi. Kakata ce ta matsa ta riƙe masa gwiwar hannu inda yake rawa, suka ja tare. Da kifin ya gaji ya taso, fari sol kamar sabuwar tasa, idonsa yana ƙyalli. Tsawonsa ya kusa nawa. Kawu ya rungumo shi ciki, dukkanmu muka jiƙe.

Ba mu ci gasar ba. Wani masunci ya kawo wanda ya ɗan fi namu nauyi, shi aka naɗa wa rawanin. Kakana ya tsaya yana kallo, hannu ɗaure da tsumma, sannan ya ce wa kawu a ɗauki kifin a kafaɗa, kada a sa a buhu. Haka muka shiga unguwa, yana amsa barka har ƙofar gida.

Ya so a yi bandarsa gaba ɗaya a rataye. Kakata ta ce a'a, kifin da ya girma a tsakar gidansu ba nata ba ne ita kaɗai. Ta yanka, ta dafa da tsami da yaji, ta zuba a kwanoni. Mutanen ƙauyensu sun warwatsu a cikin gari, ashe ta san gidan kowa. Ni aka aika.

"Me zan ce musu, Kaka?"

"Ki ce daga gida ne."

A unguwar Fezzan na sami wata tsohuwa da ba ta gani sosai, jikoki kewaye da ita. Na gaishe ta, ta amsa da Barbarci ta ce wushe, na isar da saƙo. Ta ɗanɗana romon da yatsa, sannan ta kamo hannuna.

"Tsamiyar tana nan?"

Na ce tana nan, a tsaye. Ta sa aka rufe kwanon, ta ce sai 'ya'yanta maza sun dawo, kowa ya ci.

Kakana bai sake shiga ruwa ba, bai kuma nema ba. Gasar ma ta mutu a shekarun da fita wajen gari ta zama abin tsoro. Yanzu kifin da nake dafa wa yarana daga firji yake fitowa, a sandare, ba wanda ya san inda ya girma. Tsofaffin nan duk sun koma ga Allah, na ɗauka ƙauyen ya bi su.

Bara na je suna a unguwar Maisandari, gidan da ban san kowa ba sai mai jego. Ina neman takalmina a bakin ƙofa, wani mutum mai furfura a gemu ya tsaya yana kallona. Na ɗan sha jinin jikina. Sai ya yi murmushi, ya kira matarsa da 'ya'yansa.

"Ku zo ku gaishe ta," ya ce. "'Yar garinmu ce. Ita ta kawo mana kifi."