Dattijon Da Ya Shiga Kwando

Yana tsaye a rumfar Hansai mai kwanduna a kasuwar Gaya, ya tare mini hanya, ga motar Ajingi da zan hau tana shirin tashi. Dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare, kwat ɗinsa ta koɗe, ya maƙale wani baƙin littafi a hammata. Ina jin mai wa'azi ne a wata ƙaramar majami'ar ƙauye.

Ba ya taya komai, sai auna bakin kwanduna da hannu. Ya ce mana wai a Girkancin littafinsu kwando iri biyu ne: kofinos, ƙarami na guzuri, da sifuris, wanda har an taɓa zuro mutum a cikinsa daga kan ganuwa. Shekara uku yana faɗa wa mutanensa, suna yi masa dariya. Yau so yake ya tabbatar kwando na iya ɗaukar mutum.

"Baba, na tumatir ne fa!" in ji Hansai.

Ko a jikinsa. Ya tuɓe takalmi, ya shiga babban, ya tsuguna. Nan take kwandon ya ɓarke ta gefe.

Ya fito yana girgiza kai. "Saƙar mutanen wancan zamanin ta fi ƙarfi."

Kuma wannan kwandon ne na ce a ajiye mini tun safe. Ina waiwayawa, mota ta tashi.