Sawun Baffa a Ƙofar Zaure

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen siminti sai gabana ya faɗi. Mutane na cewa tsoro ya yi mini yawa, to bari ka ji dalili.

Baffana, ƙanen Baba, gola ne. Kulob ɗinsu yaran mota ne suka kafa shi a wata tasha can birni, suna buga ƙwallo bayan sun gama lodi. Wani attajiri mai tireloli ya ɗauki nauyinsu, suka riƙa hawa daga rukuni zuwa rukuni har suka shiga babbar gasar ƙasa. A ƙauyenmu kusa da Zagga ba mu taɓa ganin wasansu ba, sai dai rediyo. Amma duk hawan nan mun san shi, domin kullum tafiyar Baffa sai ƙara nisa take yi.

Kakarmu tana da al'adar da ta gada daga iyayenta na hayin iyaka, a ƙasar Binin. In ɗan gida zai yi doguwar tafiya, babu takalmi zai fita. Sawunsa na ƙarshe a yashin ƙofar zaure za ta kifa wa ƙwarya, ran da ya dawo ya sa ƙafa ya goge shi da kansa. Baffa, ƙato da shi, wanda ake kiran sunansa a rediyo, haka zai riƙe takalmansa a hannu yana dariya.

"Inna, ƙwaryag ga ba ta tare ƙwallo hwa."

"Ba ƙwallo nika tsaro ba," in ji ta.

Shekarar da suka shiga babbar gasa, Baba ya ce gidan ɗan ƙwallo bai kamata a ce ƙofarsa yashi ce ba. Da lokacin kaka ya zo, bayan an yanke shinkafa, ya kira magini aka shafe wurin da siminti. Da kyakkyawar niyya ya yi, Allah ya sani. Ran nan da hantsi motar kulob ta zo ɗaukar Baffa, ta tsaya a titi tana ta ham. Baffa ya fito da sauri, takalma a hannu kamar kullum, ya taka simintin bai bushe ba. Sawun ya zauna, yatsu biyar suna kallon hanya.

Kaka ta daɗe a tsaye da ƙwaryarta. "Mi kunka yi?" ta ce a hankali. "Wanga da mi za shi goge shi?" Ta kifa ƙwaryar, ta shige ɗaki.

Kulob ɗin bai yi ƙarko a sama ba. Kafin damina ta tsaya sun faɗo, attajirin ya janye hannunsa, 'yan wasa suka watse. Aka ce Baffa ya ji kunyar dawowa haka, ya ƙetara Binin neman wani kulob. Wani ɗan kasuwar Dole Kaina ya ce ya gan shi yana tsaron raga a wani gari can ciki. Daga nan sai labari ya yanke, ba na rai ba na mutuwa.

Ƙwaryar ta zauna. Muka koyi tsallake ta, baƙi ma suka koya. In rana ta fasa ta, Kaka za ta sa sabuwa a rufe da zane, kada ido ya ga abin da ke ƙasa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranakun Lahadi da la'asar, lokacin da ake take wasa. Ko da bazara ce, sai ka ga gefen ƙwaryar ya yi danshi, awaki kuma su ƙi bi ta zauren. Na so Baffa ƙwarai, amma na tsani wurin nan. Kaka ta rasu tana cewa kada a buɗe sai ya komo.

Bara muka tashi sa tayil, magini ya ce sai an fasa tsohon simintin. Baba ya tsufa, ya fito da sandarsa ya ce in ɗaga ƙwaryar. Na ɗaga. Sawun yana nan, amma yatsun cikin gida suke kallo. Ina wurin ran da aka taka shi, na san inda ya dosa. Baba ya duƙa ya shafa da hannu.

"Ya komo ke nan," ya ce. "Ku hidda mai sadaka."

Mun yi sadakar, an sa tayil. Yanzu yaran gidanmu kulob-kulob na Turai suke bi a waya, ba su san an taɓa yin na Baffa ba. In ɗana zai koma makaranta a birni, da takalmi yake fita, ya kira ni in ya sauka. Duk da haka nakan tsaya in duba ƙasa bayan ya wuce, kuma babu abin da yake bari a wurin.