Littafin da mahaifiyata ta naɗe ƙosai da shi

Shekarun baya, zamanin soja, bayan yunwar nan da ta sa ko ƙadangarun unguwarmu Lamashegu suka daina yarda da ɗan Adam, na kamu da ciwon karatun littattafan mulki. Abokina ne ya shafa mini. Ticha ne, Kirista, mutumin kudu, yana haya a bayan gidanmu. Akwatinsa babu rigar kirki, sai littattafai a kan yadda gwamnati ke juya mutane, da manyan kotuna, da hukumomin leƙen asiri. Ni kuwa na gama sakandare, ba aiki, sai na faɗa ciki da ka.

Kafin wata ya zagayo na zama gwani. Mai gyaran keke ya kalle ni, ɗan leƙen asiri ne. Bafulatana mai nono ta tambayi mutanen gida, rahoto take haɗawa. Har akuyar maƙwabta ban yarda da irin kallon da take yi mini ba.

Wata rana abokina ya ba ni wani littafi mai kauri, labarin wata ƙasa ta ƙetare inda babbar kotu ta ja da shugaban ƙasa, 'yan leƙen asiri kuma suna ta ƙulle-ƙulle a tsakani. Ya riƙe hannuna, ya ce da Hausarsa ta kasuwa: "Ɗan'uwa, wannan ba wasa ba. Suna na yana ciki, makaranta na yana ciki. In soja ya gani, ni ya tafi."

Gaskiya ya faɗa. Lokacin takarda kaɗai tana kai mutum bariki, ya dawo da askin da ba wanzami ya yi masa ba, in ma ya dawo. Ga 'yan kwamitin unguwa masu kai ƙara.

To, a littafin na karanta cewa gwanaye ba sa ɓoye abu a rami, a fili suke barinsa inda ido zai raina shi. Sai na cire bangon na ƙone, na jefa sauran cikin kwandon tsofaffin takardu a zaure. Ranar har tafiyata ta canza don jin kai.

Abin da na manta shi ne dokar mahaifiyata, mai tuyar ƙosai a ƙofar gida. A wurinta takarda iri biyu ce. Mai rubutun Larabci, ko guntu ta tsinta a ƙasa, sai ta kaɗe ta, ta cusa a tsagar bango can sama. Ta boko kuwa, in da bango, da mai ita; in ba bango, Allah ne ya ciyar da mai ƙosai. Kuma shekarar takarda ta yi wuya, har ta buhun siminti ana rububi.

Na tafi biki unguwar Gumbihini na yi 'yan kwanaki. Da na dawo da safe, ta miƙo mini ƙosai mai zafi. Ina ci ina duba ƙunshin, sai na ga alƙalin alƙalai yana iyo cikin man gyaɗa.

"Mma, ina kika samo takardar nan?"

"Kwando. Mai kyau ce, ba ta yagewa. Ka samo mini irinta."

"Nawa kika yi amfani da shi?"

"Na kusa cinyewa. Kasuwa ta yi albarka."

Wato rabin Lamashegu ya karya kumallo da juyin mulki. Na rarumo abin da ya saura, shafin farko mai sunan abokina babu shi. Na tsuguna kusa da murhu na gaya mata komai da raɗa. Ta ci gaba da juya ƙosai.

Ban ko miƙe ba sai ga shugaban kwamitin unguwa, dogo mai baƙin tabarau, wanda in ya yi tari yara ke shigewa gida. Ya zaro takardu masu maiƙo daga aljihu, a jere, a ninke.

"Mma, takardun nan na wane ne?"

Ni gwani, sai na ƙara lafewa a bakin murhu. Mahaifiyata ta tashi da matsami a hannu, ta tsaya tsakanina da shi.

"Nawa ne. Daga gidana suka fito, hannuna ya naɗe. In tafiya za a yi, bari in sauke kasko."

"Kin san abin da ke ciki?"

"Ƙosai."

Ya cire tabarau, ranar na fara sanin yana da idanu. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Mma, ba kama kowa na zo yi ba. Kullum safe ina karanta abin da kika ba ni. Na kai inda kotu ta kira shugaban ƙasa, jiya kuma sai kika naɗe mini a takardar lissafi. Wa ya ci shari'ar?"

Ta juyo ta dube ni. "Kai, ba shi amsa, ƙosaina na ƙonewa."

Na ce kotu ce ta ci. Ya maimaita a hankali, "Kotu," kamar mai ɗanɗana abin da ya daɗe bai ci ba. Sannan ya zaro wani shafi daban ya danƙa mini. Sunan abokina ne, mai ya jiƙe shi amma yana karantuwa sarai.

"Wannan murhu ya dace da shi. Ka gaya wa ticha ya rage rubuta sunansa."

Da yamma na je wa abokina da guntun littafi da ƙosai a kwano, na ba shi labari. Ya zauna a bakin gado. Can ya tashi ya zo gidanmu, ya durƙusa gaban mahaifiyata.

"Mma, kai ya sayar da littafi na, kai ya cece ni. Ni bai sani ba, in yi fushi ko in yi godiya."

"Ci abinci tukuna, ticha. Mai yunwa ba ya yanke hukunci."

Tun daga nan na karanta littattafan irin wannan da za su cika tifa, har yau ban warke ba. Duk suna bayanin yadda tsoro ke saukowa daga sama har ƙofar gidan talaka, amma ba kasafai suke faɗin wanda ke tare shi a bakin ƙofar ba. Ni na gani da idona.

Bayan ta tsufa na taɓa tambayarta, "Mma, ranar nan ba ki ji tsoro ba?"

Ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, gwiwoyina kaɗawa suke kamar ganga. Zani ne ya rufa mini asiri."

Allah ya jiƙanta da rahama.