Kason Matar da Aka Bari a Gida

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a unguwar Shumaisi da ke Riyad, iyalina kuma suna Gusau. Sau ɗaya nake zuwa gida a shekara, hutun wata guda. Bara, ranar da zan dawo Riyad, babbar 'yata mai karatun adabi a jami'a ta cusa mini wani littafi a jaka, tsakanin daddawa da yaji.

Labarin wani jarumin Girkawan da ne, wanda ya tafi yaƙi ya shekara ashirin bai koma gida ba. Na san labarin tun muna sakandare. Amma wannan sabon rubutu ne, daga bakin matarsa, wadda aka bari da jariri, manema aure sun cika mata gida. Da na gama shi raina ya ɓaci, domin an mayar da bawan Allah maƙaryaci mai yawon banza. Ni kuwa akwai ni da gardama, kuma ni ma matafiyi ne. A lokacin ma takardar sabunta kwantiragi na shekara biyu tana kan teburina tana jiran sa hannu, ban kuma yi niyyar shawartar kowa ba.

Na samo fassarar asalin tsohuwar waƙar da labarin ya fito daga cikinta a wani ɗan kantin tsofaffin littattafai a kasuwar Dira, bayan masu turare. Gaskiya, ita ta fi mini daɗi. Ga teku, ga dodo mai ido ɗaya, ga mutanen da ba sa tambayar baƙo labarinsa sai ya ci ya ƙoshi, kamar gidan kakana. Sabon littafin kuwa bai cika fita daga tsakar gida ba: saƙa, rumbun da ke ƙarewa, yaro da zazzaɓi. Can wajen ƙarshen tsohuwar waƙar na ci karo da abin da nake nema. Bayan mijin ya dawo, ita ma matar ta ba shi labarin wahalar da ta sha. Na ninke shafin ina murna.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kira 'yar tawa.

"To malamar adabi, na kama ku. Ashe tun asali an bar matar ta yi magana."

"Layi nawa aka ba ta, Baba?"

Na duba. Nata bai kai faɗin yatsu uku ba. Nasa kuwa an jero shi tsibiri bayan tsibiri, ga shi dama an riga an ba shi surori sukutum.

"Ai shi ya yi tafiya," na ce. "Wanda ke zaune a gida me zai faɗa?"

Sai ta ce, "Baba, ka san an yi wa Mama aiki shekara huɗu da suka wuce? Kwananta tara a asibiti."

Ban sani ba. Na tuna lokacin sarai. An ce mini wayarta ce ta faɗa ruwa.

Haka muke yi, ni ma na yi wa wasu. Ba a gaya wa na ƙasar mutane mugun labari, kada a ɗaga masa hankali. Ya kira, a ce lafiya lau. Ya dawo, a yi masa sannu da zuwa, a tambaye shi hanya, ya buɗe jakar tsaraba ya buɗe baki. Wata guda nake yi ina ba su labarin zafin Riyad da rigimar takardar iƙama ta izinin zama da halin abokan aiki, matata tana zuba mini shayi tana dariya a inda ya dace. Nakan ce mata, "Mun same ku lafiya?" Ta ce lafiya ƙalau, shi ke nan an gama nata kason. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ga kuma haushin kaina.

Na ce wa 'yar tawa ta ba mamanta wayar.

"Hajiya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Wanne daga ciki, Alhaji?"

Ba da faɗa ta faɗa ba, har da 'yar dariyarta. Na jawo takardar kwantiragin na kife ta, na ɗora littattafan biyu a kai.

"Duka," na ce. "Tun daga farko."

"Ka ci abinci tukuna?"

"Na ci."

"To gyara zama," in ji ta. Ta fara daga ranar da suka raka ni tashar mota, shekara goma sha ɗaya baya, ranar da ta koma gida ta tarar ban gaya mata inda nake ajiye makullin ɗakin hatsi ba.