Ƙwan zabi a cikin gero

Ɗazu direban motar garinmu Pitowa ya miƙo mini kwano ɗaure da tsohon zane. Na buɗe, sai ga ƙwan zabi binne a cikin gero. Saƙon Inna ne.

Raina ya ɗan sosu. Aikina a nan Garwa shi ne zana kwalayen zuba ƙwai. Watan jiya na kai mata wanda na fi ji da shi, kowane ƙwai da gurbinsa, ga murfi, ga mariƙi. Ta karɓa ta ce "To," shi ke nan. Ni ne ɗan farinta, ba ta yabona a gabana.

Na kira ta a waya.

"Inna, ina kwalin da na kawo miki?"

"Yana nan."

"Me ya sa ba a zuba a ciki ba?"

"In kun cinye ƙwan, kwali za ku dama? Geron na kunun jikokina ne."

Na yi dariya, na ce to a ba wa maƙwabta kwalin, ya yi amfani.

Ta ce, "A ba wa? Yana saman jeren kwanukana. Duk wadda ta shigo sai na sauko mata da shi ta gani. Zan bari a danne shi da buhu a mota?"



Ku fa, wane abu naku ne uwa ta ajiye ta hana kowa taɓawa?